Makarantar Hawan Dutse Ta Darjilin

A ƙasar Hausa in an ce dutse, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne irin Dala da Gwauron Dutse na Kano, ko Kufena ta Zariya, waɗanda yaro kan hau da hantsi ya sauko tun azahar ba ta yi ba. To, amma akwai waɗansu ƙasashe inda duwatsu suka yi tsawon da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, rani da damina. Garin Jos, wanda a ke kukan sanyinsa, bisansa daga bakin teku ƙafa 4,000 ne da 'yan kai. Mont Blanc kuwa, watau babban dutsen jerin duwatsun Alps na Turai, ya haura ƙafa 15,700. Eberest, wanda ke kan iyakar Nefal da Tibet, cikin jerin Himalaya, shi ne ya fi ko wane dutse na duniya tsawo, ƙafa 29,032.

Kafin a shiga labari, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da a ke magana a kansa. Can bisa abin da ke zuba daga sama a madadin ruwa wani farin abu ne mai laushi kamar garin dawa, shi a ke kira dusar ƙanƙara. In ta taru shekara da shekaru sai ta danne juna ta daskare, ta zama wani ƙaton kogi na ƙanƙara mai gangarowa sannu sannu, har ido ba ya ganin motsinsa. Wajen gangarowan nan ya kan tsattsage, tsagar kuwa wata ta fi rijiya gaba goma zurfi. Sabuwar dusa ta kan rufe bakinta, mutum ya taka yana tsammani ƙasa ce, sai a neme shi a rasa. Wani lokaci kuma dusar da ta taru a gangare ta kan ɓalle gaba ɗaya, ta rugo ta binne duk abin da ta tarar. Ga shi iska tana raguwa gwargwadon yadda mutum ya yi bisa. A ƙafa 18,000 rabin abin da ya saba shaƙa a bakin teku ya ke samu, a kan Eberest kuwa sulusi.

Mutanen da ke zaune a gindin duwatsun nan sun daɗe ba su ga dalilin hawa can ƙololuwa ba, gama babu ciyawar kiwo, babu itacen wuta. Sai a shekarar 1786, ran 8 ga Agusta, waɗansu mutum biyu na garin Chamonix, wani likita Paccard da wani mai neman duwatsu masu daraja Balmat, suka hau Mont Blanc. Daga nan baƙi suka fara zuwa suna biyan mutanen gari su yi musu jagora. A 1821 jagororin Chamonix suka kafa ƙungiyarsu ta sana'a, a 1857 kuma masu sha'awar abin a Landan suka kafa tasu. Makaranta dai babu. Ɗan jagora a wurin ubansa ya ke koyo, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a maƙera. Baƙo kuwa ya kan ɗaura igiya a ƙugu, ya bi inda aka ja shi.

Abin da ya faru a dutsen Matterhorn a 1865 shi ya nuna wa Turawa aibin wannan hali. Dutsen nan tsawonsa ƙafa 14,692 ne, watau bai kai Mont Blanc ba, amma a tsaye ya ke kamar tsinin mashi, har a lokacin babu wanda ya taɓa kai wa kansa. Wani Bature na Ingila, Edward Whymper, ya yi ta gwadawa shekara da shekaru. A watan Yuli na shekaran nan ya haɗu da waɗansu a garin Zermatt na Suwizalan, su bakwai suka nufi ƙololuwa. Akwai Whymper, da wani limamin Kirista, Charles Hudson, gwanin hawa, da wani ɗan sarauta, Lord Francis Douglas, da jagorori uku, watau Michel Croz da Peter Taugwalder da ɗansa. Na bakwai ɗinsu wani saurayi ne ɗan shekara 19, sunansa Douglas Hadow. Da aka tambayi Hudson ko yaron zai iya, sai ya ba da shaida cewa kwanan baya ya hau Mont Blanc cikin ɗan lokaci kaɗan. Shaidar gaskiya ce, sai dai ba ta amsa tambayar ba. Hanyar Mont Blanc tafiya ce mai tsawo bisa dusa, ƙarfin ƙafa da na numfashi ta ke bukata, Hadow kuwa yana da su. Matterhorn dutse ne mai santsi wanda sai an san inda za a sa yatsa da inda za a dafa, wannan kuwa bai taɓa koyo ba.

Ran 14 ga wata suka kai ƙololuwa, suka yi murna, suka juyo. Croz ne a gaba, Hadow na biye da shi, sa'an nan Hudson, da Douglas, da tsoho Taugwalder, da Whymper, da ɗan Taugwalder, duk a ɗaure da juna. Da suka zo wurin da ya fi wuya, sai Croz ya ajiye gatarinsa, yana kama ƙafafun yaron da hannu yana ɗora su inda ya kamata. Ya juya ke nan zai sauka gaba, sai Hadow ya zame, ya bangaje shi, nauyinsu ya fizgo Hudson da Douglas. Igiyar da ke tsakanin Douglas da tsoho Taugwalder ta tsinke, ita ce kuwa mafi rauni cikin igiyoyin da suka zo da su. Mutum huɗun nan suka faɗa wajen ƙafa 4,000, sauran ukun suna kallo. An sami gawa uku, ta Douglas kuwa ba a gan ta ba. Guntun igiyan nan yana ajiye a gidan tarihi na Zermatt.

Hausawa kan ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sabon shiga ya san bai iya ba, saboda haka ba ya zuwa inda zai halaka, gwani kuma ya san lokacin da ya kamata a juya. Wanda ya fi zama cikin haɗari shi ne na tsakiya, wanda ya hau dutse biyu ko uku lafiya, ya sami ƙarfin zuciya, alhali hannunsa bai faɗa ba tukuna. Tun da ya ke a ɗaure a ke tafiya, kuskurensa ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai.

Bayan wannan sai kayan aiki suka yi ta gyaruwa. A 1908 wani injiniya na Ingila, Oscar Eckenstein, ya tsara waɗansu haƙoran ƙarfe guda goma da a ke ɗaura wa takalmi a ƙarƙashi don su kama ƙanƙara, wani maƙeri na Italiya, Henry Grivel, ya ƙera su. A 1929 ɗan maƙerin nan, Laurent, ya ƙara haƙora biyu a gaba, yadda mutum zai iya fuskantar bangon ƙanƙara ya hau shi tsaye. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka samu igiyar nailan, wadda ke miƙewa in an fizge ta, ba ta saurin tsinkewa irin ta rama. Ko wane sabon kaya kuwa ya kan buɗe wa mutane hanyar da ta fi ta da wuya, ya kuma ƙara yawan abin da ya wajaba a koya.

A Himalaya al'amarin ya ɗauki wata kama dabam. Duwatsun can suna da nisa da gari, sai an yi tafiyar makonni, sa'an nan a yi ta kafa zango bisa zango a jikin dutsen, ana kai abinci da tanti da makamashi. Wannan aikin 'yan dako ne. Wani malamin kimiyya na Sikotilan, Alexander Kellas, wanda ya fara zuwa ƙasar Sikkim a 1907, shi ya fara lura cewa akwai wata kabila da ta fi kowa jimiri a can bisa, watau Sherpawa. Asalinsu daga Tibet ne, mazauninsu kuwa ƙasar Khumbu ta Nefal, a gindin Eberest. Da yawa daga cikinsu su kan gangaro garin Darjilin na Indiya neman aikin lada, nan Turawa ke ɗaukarsu. Ko wace tafiya a kan naɗa musu shugaba, ana ce da shi sarda, aikinsa kamar na madugu ne cikin ayari.

An ba su takalma da barguna da tabarau, amma ba a zaunar da su an koya musu aikin igiya da gatari yadda ya kamata ba. Ƙarfinsu kaɗai aka saya. A 1922, ran 7 ga Yuni, George Mallory da abokansa biyu suka ja 'yan dako 14 zuwa wani gangare na Eberest bayan sabuwar dusa ta zuba. Gangaren ya ɓalle, ya kwashe tara ya jefa su ƙasa, aka tono biyu da rai, bakwai suka mutu. A 1934 guguwa ta rutsa da Jamusawa a can bisa dutsen Nanga Parbat, Turawa uku da Sherpawa shida suka halaka wajen saukowa. Ɗaya daga cikinsu, Gaylay, yana da halin tsira, amma ya zauna tare da shugaban tafiyar, Willy Merkl, wanda ya kasa tafiya. Sai a 1938 aka tarar da gawawwakinsu wuri ɗaya. A 1937 kuma, a dutsen nan dai, ƙanƙara ta binne wani zango da dare, Jamusawa bakwai da Sherpawa tara. A 1939 ƙungiyar masu hawa Himalaya ta fara ba fitattun 'yan dako lambar yabo mai kan damisa. Lamba dai abin so ce, amma ba ta koya wa mutum ƙullin igiya.

Cikin waɗannan mutane Tenzing Norgay ya taso. Yana yaro kiwon shanun dutse ya ke yi, ya zo Darjilin yana saurayi, a 1935 Eric Shipton ya ɗauke shi dako zuwa Eberest. Bai yi karatu ba, bai iya rubutu ba, amma yana jin harsuna da dama, kuma duk Baturen da ya bi sai ya ɗauki wani abu daga gare shi. A kakar 1951 ya raka wani mutumin Suwizalan, Georg Frey, ma'aikacin ofishin ciniki na ƙasarsu a Bombay, zuwa yammacin Sikkim. Frey ya iya hawa, ya saba da duwatsun ƙasarsu. Wata safiya suna hawan wani dutse wanda ba shi da wani suna, sai gangaren ya yi tauri. Bisa ga labarin da Tenzing ya bayar, shi ya tsaya ya ɗaura haƙoran ƙarfe, ya kuwa yi wa Frey magana ya ɗaura nasa, Frey ya ce ba ya bukata. Ba a jima ba ya zame, ya wuce ta gefen Tenzing, Tenzing ya miƙa hannu bai iya tare shi ba. Nan suka binne shi, aka sa wa dutsen sunansa.

A 1952 mutanen Suwizalan suka zo Eberest, suka ɗauki Tenzing a matsayin abokin hawa, ban da sardancin da ya ke yi. Shi da Raymond Lambert suka kai wajen ƙafa 28,200, inda ba a san wani ya taɓa kai wa ba. Da shekara ta kewayo, ran 29 ga Mayu 1953, shi da Edmund Hillary na ƙasar New Zealand suka taka ƙololuwa, cikin tafiyar da Kanar John Hunt ya shugabanta. Labarin ya bazu a Landan ran 2 ga Yuni, ranar bikin naɗin Sarauniya Elizabeth.

Indiya a lokacin shekararta shida da samun mulkin kai. Firayim Minista Nehru da Dokta B. C. Roy, shugaban gwamnatin Bengal ta Yamma, suka ga bai kamata abin ya ƙare a kan kiɗa da lambobin yabo ba. Suka yi shawara a kafa makaranta, don sanin da ke kan mutum ɗaya ya zama na mutane da yawa. Suka nemi taimako daga Suwizalan, aka aiko musu da Arnold Glatthard, shugaban makarantar hawan dutse ta Rosenlaui, ya zo ya duba wuri. Sa'an nan aka yi wani abu na hikima. Kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, sai aka tura malaman su fara zama ɗalibai. A 1954 Tenzing da waɗansu Sherpawa shida, da wani hafsan soja, Manjo N. D. Jayal, suka tafi Suwizalan. Mutumin da ya hau dutsen da ya fi ko wanne a duniya ya koma yana koyon ƙulle-ƙulle a jikin ƙananan duwatsu, gama iya abu dabam, iya koyar da shi dabam. Ran 4 ga Nuwamba 1954 Nehru ya aza harsashin makarantar a Darjilin. Jayal ne shugabanta na fari, Tenzing kuwa shi ne babban malamin koyarwa a fili.

Tsarin karatun hawa hawa ne, kamar dutsen kansa. Ajin fari kwana 28 a ke yi. A kan fara a Darjilin, mai bisan ƙafa 7,000 ko kusa, da gudu da asuba, da darasin taswira da na lafiyar jiki, da gwajin hawa a jikin waɗansu duwatsu biyu na bakin hanya waɗanda aka sa wa sunan Tenzing da na Gombu. Daga nan a tafi Yuksom cikin Sikkim, kowa ya ɗauki kayansa a baya, a yi tafiyar kwanaki a ƙasa har zangon Chowrikhang, wajen ƙafa 14,600. Jinkirin tafiyan nan da gangan ne, don jiki ya saba da ƙarancin iska. A kogin ƙanƙara na Rathong a ke koyon tafiya da haƙoran ƙarfe, da saran matakala da gatari, da yadda wanda ya zame zai kife bisa gatarinsa ya kafa bakinsa cikin dusa ya tsai da kansa. A kan sa ɗalibi ya zame da gangan, ta baya, ta ciki, kai a ƙasa, har hannu ya riƙa yin abin tun zuciya ba ta ba da umurni ba. Dutsen Frey kuwa yana nan kusa da zangon, ɗalibai suna ganinsa.

Aji na biyu shi ne aka yi domin mutumin tsakiya, irin Hadow. Ba kowa a ke karɓa ba, sai wanda ya fita ajin fari da daraja ta ɗaya. Wanda bai samu ba, ko da ya fi kowa ƙarfi, sai ya haƙura. Bambancin azuzuwan nan biyu shi ne, a na fari ɗalibi yana bin igiyar da wani ya kafa, a na biyu shi zai kafa wa waɗansu. Zai koyi shiga gaba a bangon ƙanƙara, yana murɗa ƙusoshi yana saƙala igiya, don in ya faɗi kada ya yi nisa. Zai koyi kafa turken da zai ɗauki nauyin mutum biyu cikin dusa mai laushi. A kan zura abokinsa cikin tsaga, a ce ya fid da shi da igiya da 'yan ƙarafan da ke ƙugunsa. Ban da aikin hannu kuma akwai na lissafi: mutum nawa, kwana nawa, abinci nawa, makamashi nawa, ina za a kafa zango inda abin da ya ɓallo daga bisa ba zai same shi ba. Su kan tashi da tsakad dare, gama da sanyin dare dusa a daskare ta ke, in rana ta yi zafi sai ta saki, duwatsu su fara faɗowa. Tun kafin a tashi a kan yanke lokacin juyawa, in ya yi sai a juya, ko da ƙololuwa tana gaban hanci. Malamai sun san wannan darasi ya fi sauran wuyar shiga, domin saurayin da ya sha wahalar mako uku ba ya son a ce ya koma hannu wofi.

Akwai kuma abin da malaman kansu ba su gama sani ba a lokacin. A 1958 Manjo Jayal ya tafi dutsen Cho Oyu. Ya tashi a makare, ya yi ta haɗa zango don ya cim ma abokan tafiya, sai ciwo ya kama shi a ƙirji, ya rasu yana da shekara talatin da 'yan kai. Ciwon nan ruwa ne ke taruwa cikin huhun wanda ya yi bisa da gaggawa, a da kuwa a kan ɗauke shi ciwon haƙarƙari ne na sanyi. A 1960 wani likita Ba'amurke mai hawan dutse, Charles Houston, ya rubuta bayaninsa, likitocin Turai da Amurka suka farga. Ka'idar da a ke koyarwa yanzu ita ce, in an wuce ƙafa 10,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da ƙafa 1,600, a kuma riƙa hutawa bayan kwana uku ko huɗu. Wanda numfashinsa ya fara ƙara kamar ana zuƙar ruwa, babban maganinsa a sauko da shi nan da nan, ko da dare ne.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin makarantar. A 1960 Indiyawa suka tafi Eberest da kansu, shugaban makarantar na lokacin, Birgediya Gyan Singh, shi ya ja su. Mutum uku suka kai saura wajen ƙafa 700, iska ta tsananta, suka juyo da ransu. A 1962 aka koma, saura wajen ƙafa 400 aka sake juyowa. A 1965, ƙarƙashin M. S. Kohli, mutum tara suka hau cikin kwana goma. Cikinsu har da Nawang Gombu, ɗan 'yar'uwar Tenzing, malami a makarantar, wanda ya riga ya hau tare da Amurkawa a 1963, ya zama mutum na fari da ya hau Eberest sau biyu. A shekaran nan ta 1965 aka buɗe wata makarantar a Uttarkashi, aka sa mata sunan Nehru. Can Bachendri Pal ta yi karatu, wadda a 1984 ta zama macen Indiya ta fari da ta hau Eberest. Tenzing ya bar aiki a 1976, Gombu ya gaje shi. Ya rasu a Darjilin ran 9 ga Mayu 1986, aka yi masa wurin tunawa a harabar makarantar.

Abin mamaki, Sherpawan da suka zauna gida a Khumbu ba su sami irin wannan gata da wuri ba, alhali tun da Nefal ta buɗe ƙofarta ga baƙi, aikin ya koma hannunsu. Daga shekarun 1990 hawan Eberest ya zama ciniki, masu kuɗi suna biya a kai su, waɗansu ma ba su kai Hadow sani ba. Sherpawa ke kafa musu igiya tun daga gindi har ƙololuwa, su ke ratsa wurare masu haɗari sau da yawa cikin kaka guda, baƙo kuwa sau kaɗan. Tun 2004 a ke tara matasansu da hunturu a ƙauyen Phortse, ana koya musu ƙulli da turke da ceto a jikin magangarun ruwa da suka daskare. Koyarwa dai tana da iyakarta. Ran 18 ga Afrilu 2014 wani ƙaton ɓangaren ƙanƙara ya ɓallo a kan hanyar Eberest da sassafe, ya kashe ma'aikata 16 'yan Nefal, cikinsu har da gwanaye. Abokan aikinsu suka ƙi hawa a kakan nan, suka nemi a ƙara diyyar da a ke biyan iyalan mamata.

Cikin duwatsu 14 na duniya da suka wuce mita 8,000, watau ƙafa 26,247, har farkon shekarar 2021 akwai ɗaya da ya rage ba a taɓa hawansa da hunturu ba, shi ne K2, na kan iyakar Pakistan da Sin, wanda ke bin Eberest a tsawo, ya kuwa fi shi wuya. Turawan Polan da na Rasha da waɗansu sun gwada, sun kasa. Ran 16 ga Janairu 2021 waɗansu mutum goma 'yan Nefal, tara daga cikinsu Sherpawa, suka hau shi, su suka zaɓi hanya, su suka kafa igiyarsu. Da na gaba suka zo saura 'yan taku kaɗan, sai suka tsaya cikin sanyin nan suka jira na baya, sa'an nan suka ƙarasa tare suna rera taken ƙasarsu.